Bazazzagi, Cire Salatif Ɗin Nan Mu Yi Magana

Malam Furofesa, Sarkin Lita Uku na Zazzau, mai gemun da ya fi tankinsa cika! Yaya mutanen Kwangila? Yaya uwargida da haƙuri da kai? Ka ce mata muna yi mata addu'a a nan Kano, don zama da kai ibada ce mai zaman kanta.

Labarinka ya riga ka isowa. An ce fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai hoton inji, wadda kanikawa ke ce wa cek, ta kama a gaban sitiyarin motarka tun kafin azumi. Da ka ga ta tsare ka da ido, sai ka aiki yaro kanti ya sayo baƙin salatif, ka yanki daidai faɗinta ka liƙe. Da aka tambaye ka, sai ka gyara zaman tabarau, ka ce da Hausar nan taku da ba ta raba mace da namiji: "Motan nan lafiyanshi ƙalau, fitilan ne ya cika surutu." Kai, Zariya birnin ilimi! Tun 1962 aka kafa muku jami'a a Samaru, mutane suna zuwa daga Legas da Maiduguri suna ɗiban karatu suna komawa gida, kai da kake bakin ƙofa rabonka salatif.

Kada ka ɓata rai. In ma ka ɓata, babu alƙalin da zai saurari ƙarar Bazazzagi a kan Bakano. Kakanninmu sun rufe wannan shari'a tun kafin mota ta zo ƙasar Hausa. Kuma ka san ƙauna ce ta sa na ɗauki alƙalami. Da wani ne, da na ƙyale shi ya ci gaba da ciyar da 'yan gareji.

Don kuwa ka ciyar da su, Allah Ya saka. An canja maka fulogi, fitila ta dawo. An wanke nozul, ta dawo. An sauke tanki an sa sabon famfon mai, ta dawo. Wani gwani ya cire kan batir ya mayar, fitila ta mutu, ka ba shi tukuici har da fatiha, washegari ta dawo tana yi maka ina kwana. Sai da ɗan maƙwabcinka mai koyon kanikanci ya ji tausayinka ya jona 'yar kwamfutar gwaji, sannan lamba ta fito: P0452. Yaron ya ce sansar tanki ce. Ko numfashi ba ka ja ba ka neme ni: "Bakano, shiga Ƙofar Ruwa ka samo mani, amma mai araha." Mai araha! Ko a mafarki ka yi magana, da wannan kake rufe baki.

To ban saya ba, kuma ba zan saya ba sai an yi abin da zan zayyana maka. Lambar da kwamfuta ta nuna ba sunan kayan da za a sayo ba ce. Abin da P0452 take cewa shi ne, wutar da ke dawowa daga sansar nan ta yi ƙasa fiye da ƙima. Iyakarta ke nan. Ba ta ce sansa ta mutu ba. Mai yiwuwa ta mutu ɗin. Mai yiwuwa kuma waya ce ta tsinke, ko soket ya yi tsatsa, ko wani ya cire bai mayar ba. A gwada kafin a biya. Mu Kanawa da wannan aka yaye mu.

Bari in ba Furofesa darasi, tunda duniya ta juya. Ka tuna yadda ka cika majalisa da baki lokacin da ka sayi motar nan, wai taka 'yar Amurka ce, ba irin ta talakawa 'yan Beljiyom ba? To alfaharin nan ne yake bibiyarka. Motocin da aka ƙera don kasuwar Turai ba a tilasta musu binciken yoyon tururin tanki ba, saboda haka da yawansu ba su ma da wannan sansa. Dokar Amurka ce ta haife ta.

Asalin abin daga birnin Los Anjalas ne, a jihar Kalifoniya, inda tun shekarun 1940 wani hazo mai yaji ya riƙa lulluɓe gari yana sa mutane hawaye. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, malami a Caltech, ya nuna cewa tururin mai da hayaƙin inji ne ke haɗuwa, rana ta dafa su, su zama wannan hazo. Ka ji furofesan gaske, ba wanda aka naɗa a teburin mai shayi ba. A hankali aka gane cewa mota tana ɓata iska ko a ajiye take, don fetur ba ya zama lafiya a tanki. Rana na bugawa zai fara tashi yana neman hanyar fita. Kalifoniya ta tilasta a tare wannan tururi a motocin 1970, sauran Amurka suka biyo baya a 1971. A 1996 aka zo da tsarin OBD-II, wanda ya wajabta wa kowace ƙaramar mota soket mai baki 16 a ƙasan sitiyari, inda yaron nan ya jona kwamfutarsa. Daga shekarun nan ne aka ɗora wa mota binciken kanta da kanta: in akwai huda mai faɗin milimita ɗaya a hanyar tururi, ta kunna fitila. Daga wajen 2000 aka ƙara matsewa, abin ya koma rabin milimita. Ka ga mutanen da ke farautar hudar rabin milimita, motarsu ta faɗo hannun wanda ke naɗa wa murfin tanki leda. Tsautsayi ba na mutum kaɗai ba ne.

Ga yadda abin ke aiki, ka sauke tabarau ka saurara. Tanki a rufe yake ruf. Tururin da ya tashi yana bin tiyo ya shiga wani baƙin gwangwanin roba cike da gawayi, galibi a ƙarƙashin mota kusa da tanki. Gawayin ya shanye shi ya riƙe. Sai bawul guda biyu. Na gaba yana wajen inji. In an kama hanya inji ya ɗumama, ƙwaƙwalwar mota takan buɗe shi, inji ya zuƙo tururin ya ƙone shi tare da mai. Na baya yana jikin gwangwani, a buɗe yake wuni don iska ta shiga ta fita, sai lokacin gwaji ake rufe shi. In lokacin ya yi, a motoci da yawa ƙwaƙwalwa takan rufe na baya, ta ɗan buɗe na gaba, inji ya tsotsi iskar tanki, sannan ta rufe duka ta zuba ido. In tanki ya riƙe, babu huda. In iska ta koma da wuri, akwai inda take kutsowa. Wasu motocin kuwa sai an kashe su kowa ya shige gida suke nasu gwajin.

Wa ke gaya wa ƙwaƙwalwa tanki ya riƙe ko bai riƙe ba? 'Yar sansar nan, wadda za ka iya dunƙulewa a tafin hannunka. Aikinta ke nan, ba ta da wani. A wasu motoci tana zaune a saman tanki, jikin kan famfon mai. A wasu tana manne da gwangwanin gawayi. Ba ita ke auna yawan mai ba. Wannan aikin wani ɗan abu ne da ke yawo a saman mai a cikin tanki, wanda a motarka ya shekara kwance a ƙasa yana hutawa. Ba ita ke auna ƙarfin man da famfo ke tura wa inji ba. Wannan wata sansa ce daban, lambobinta ma daban, daga P0190 ake fara ƙirga su. Saboda haka sabon famfon da ka saya da P0452 ko hanya ba ta haɗa su ba. Ina fata da ka miƙa kuɗin ka yi niyyar sadaka.

Matsin da take aunawa kuma ɗan ƙanƙane ne. Tayarka tana shan iska wajen 32 a gejin mai faci. Abin da sansar nan ke ji a lokacin gwaji bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani in mun zo kan ɗabi'arka ta busa abu da baki. Wayoyinta uku ne: ɗaya tana kawo mata wuta bolt 5 daga ƙwaƙwalwa, ɗaya wayar ƙasa ce, ta ukun ita ke mayar da amsa. Lambobin da suka shafe ta dangi ne. P0452, amsa ta yi ƙasa da yawa. P0453, ta yi sama da yawa. P0451, amsa tana zuwa amma ba ta shiga hankali, ko ta ƙame wuri ɗaya. P0454, tana zuwa tana ɗaukewa. Akwai kuma wasu dangin, na yoyo: P0455 babbar huda, P0442 ƙarama, P0456 'yar mitsitsiya. In waɗannan ukun ne suka fito, yawanci sansa ba ta da laifi, ita ce ma ta tona asiri, kuma murfin tanki ake fara tuhuma.

To ga yadda ake bin abin, daki-daki, daga na kyauta zuwa na kuɗi, don na san da wanda nake magana.

Na farko, a daina cire kan batir. Duk lokacin da aka cire, a motoci da yawa lamba tana gogewa tare da bayanin da ƙwaƙwalwa ta adana na lokacin da matsalar ta faru: gudun inji nawa, zafinsa nawa, da sauransu. A karanta, a rubuta a takarda, sannan a taɓa mota. Kuma ga abin da zai hana ka barci yau. Wa ya tabbatar maka P0452 ce ta fara kunna fitilar nan kafin azumi? Ba wanda ya karanta a lokacin. Babu mamaki murfinka mai leda ne ya fara jawo ta, sannan wanda ya sauke tanki don canja famfo ya fizge waya ko ya bar soket yana reto. A wasu motoci cire soket ɗin kaɗai ya isa ya haifi P0452, a wasu kuma P0453. Wato ta yiwu ka biya kuɗi ne aka ƙaro maka ciwo na biyu a kan na farko. Ban ce haka aka yi ba. Na dai ce ka tambayi bakanikenka, ka kalli idonsa.

Na biyu, ido. Shi ma kyauta ne, na ga fuskarka ta saki. A duba zoben robar da ke cikin murfi, ya tsage ko ya bushe? Murfin ma na motar ne, ko na wata ce ka tsinta a gareji? Sannan a tuɓe babbar riga, a shimfiɗa kwali, a shiga ƙarƙashin mota. Na san Bazazzagi bai saba durƙusawa ba sai in kuɗi ya faɗi, amma ka daure. A duba soket ɗin sansa: yana zaune daram? Haƙoransa sun yi kore saboda kwatamin damina da kake afka wa? A bi wayar da hannu a ga ko ɓera ya gwagwiye ta. Ɓeraye kuwa suna da dalilin zuwa, tunda a ƙarƙashin kujerar baya kake ɓoye ƙuli-ƙuli don kada yara su gani. Uwargida ce ta faɗa, ba ni na ƙirƙira ba.

Na uku shi ne gwajin da na fi so, don na 'yan kasuwa ne. A kasuwar Dawanau, kafin a ɗora buhu a sikeli, mai hankali yakan kalli allurar tun ba komai a kai. In sikeli babu kaya yana nuna kilo biyu, an gama magana. To haka sansar nan take. A murɗa makulli wuta ta kawo, kada a tayar da inji, a buɗe murfin tanki gaba ɗaya. Yanzu iskar ciki da ta waje sun zama ɗaya, babu matsi, babu tsotso. A kalli abin da kwamfuta ke nunawa kai tsaye. In da ma'aunin matsi take faɗa, ya kamata ya tsaya a sifili ko dab da shi. In da bolt take faɗa, kowane kamfani da nasa sifilin: motocin GM wajen 1.5, Honda wajen 2.5, Ford wajen 2.6, Toyota na shekarun baya wajen 3.3. Sai a nemi adadin da aka rubuta wa taka. In allo yana nuna kusan sifilin bolt, ko kusan 5, murfi kuma a buɗe, to lallai akwai magana.

Na huɗu, ko an ga ta kauce, kada a yanke mata hukunci tukuna. A zare ta daga mazauninta ko daga tiyonta, a bar wayarta a jone, ta shaƙi iskar Allah. In amsa ta dawo daidai, sansa ta kuɓuta. Toshewa ce a hanya. Ko tiyo ya lanƙwashe, ko ɗanyen mai ya kwanta a ciki, ko ƙurar hunturu ta cushe matatar bawul na baya. Kada ka raina wannan. A 2011 kamfanin Mazda ya kira motocinsa samfurin Mazda6 fiye da 50,000 a Amurka su dawo gyara, saboda wani gizo-gizo da ke shiga tiyon iskar tanki yana saƙa, har abin ya iya sa tanki ya tsage. A 2014 suka sake kiran wasu a kan matsalar. Ka ga Gizo bai tsaya kan Ƙoƙi ba, har injiniyoyin Japan ya yi wa wayo. Mu nan kuma muna da zanzaro, wanda duk ƙaramin ramin da ya gani sai ya kai masa laka, balle motar da ke kwana uku a inuwa tana jiran a samu na mai.

Na biyar, mita. A cire soket, makulli a kunne, a auna. Bolt 5 yana zuwa? Wayar ƙasa tana da kyau? In babu 5 ɗin, laifin yana baya: ko waya ta tsinke, ko wata sansar da suke shan layi ɗaya ta lalace ta ja wutar kowa ƙasa. Alamar wannan ita ce lambobi da yawa su fito lokaci guda, na sansa daban-daban. In 5 yana nan, ƙasa tana nan, sai a bi wayar amsa daga soket har ƙwaƙwalwa, a tabbatar ba ta yanke ba, ba ta kuma goge ta taɓa ƙarfen mota ba. P0452 tana yawan fitowa daga irin wannan gogewar. Sannan a mayar da soket, mutum ɗaya yana kallon allo, ɗaya yana girgiza waya gaɓa-gaɓa. Inda aka taɓa amsa ta yi tsalle, nan ɓarawon yake.

A nan zan ajiye wasa na minti ɗaya, don ina son ganin ka a bikin 'ya'yana. Ɗan riwayar nan naka mai gwaji da ƙwan fitila, mai goga waya a jikin ƙarfe ya ga ta yi tartsatsi ya ce "akwai wuta", kada ya kusanci wajen nan. Layin bolt 5 ba ya ɗaukar wutar batir. In aka tura masa 12, ƙwaƙwalwa tana iya ƙonewa, kuɗinta kuwa ya ninka na sansa sau da yawa. Sannan kusa da tanki ake aiki. Kada ka ce ai naka babu mai a ciki, saboda haka babu haɗari. Tururi ne ke kamawa da wuta, kuma tankin da ba mai shi ya fi cika da tururi. Ba sigari, ba ashana, ba tartsatsi, kuma a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. Na gama, mu koma zagi.

Na shida, in wayoyi sun fita lafiya, sai a gwada ita kanta. Akwai ɗan famfon hannu mai geji da ake tsotsar iska da shi. A jona a bakin sansa, a matsa kaɗan, kaɗan fa, ana kallon allo. Amsa ta tafi sumul, in an saki ta dawo inda ta taso. A motocin GM bolt hawa yake in an tsotsa, a wasu da yawa sauka yake. Abin dubawa shi ne ta motsa, ta kuma dawo. In ta ƙi motsi, ko ta yi ta tsalle-tsalle, ko ta tafi ba ta dawo ba, to yanzu ne aka kama ta da hujja. Kada in ji an ce ka sa baki ka busa, yadda kake yi wa fulogi da katin waya da komai. Kada kuma in ji an kai ta wajen mai faci ya hura mata da injinsa. Abin da aka yi don jin kashi ɗaya cikin ɗari, ka ɗura masa ɗari cif, ka kashe mai rai ke nan sannan ka ce da ma gawa ce.

Sai an zo nan zan shiga Ƙofar Ruwa, ko kai ka gangara Fanteka a Kaduna tunda ta fi kusa da kai. Da lambar da ke jikin tsohuwar za a saya, ba da ido ba, don ka ga kowane kamfani da nasa adadin. Wadda ta shiga rami daram tana iya zama mai wani yare daban, fitila ta dawo. In ta hannu ce, a jona ta a yi mata gwajin murfi a buɗe kafin kuɗi su bar aljihu. A kuma duba robar da ke toshe bakinta, kada a gyara sansa a buɗe sabuwar huda. Araha ba ta ado, Malam, ko da yake na san a gidanka an daɗe da soke wannan karin magana.

In kuma bayan haka lambar yoyo ta fito, maganinta injin hayaƙi: a rufe bawul na baya, a tura farin hayaƙi a hankali cikin tiyo, a bi da tocila a ga inda yake fitowa. Garejin da ke da wannan na'ura shi za ka nema, ba wanda zai ce maka a yanke gwangwanin a yar ba, wai a Nijeriya ba a buƙatarsa. In aka yanke, fitila ba za ta ƙara mutuwa ba, mota kuma ta dinga warin fetur har cikin ɗaki.

Yanzu mu zo kan zunubinka babba, wanda ya fi salatif. Kai mutum ne mai hali biyu a gidan mai. In da kuɗinka ne, lita uku, kana leƙen mita kana salati. Amma ranar da surukinka ya ce a cika maka, an ce da bakin famfo ya katse sai ka fito ka kira yara biyu kuka dafa but kuna jijjiga mota, kana cewa "ƙara kaɗan, akwai wuri", har mai ya taho baki. Wurin nan da kake cikawa da gangan aka bar shi, don mai ya samu inda zai kumbura in ya ji zafi. In ka cike shi, ɗanyen fetur yana bin tiyon tururi ya shiga gawayi, gawayin ya jiƙe ya daina aiki, wani lokaci ya farfashe, ɓarɓashinsa ya je ya maƙale a bawul na gaba. In bawul ɗin ya tsaya a buɗe, mota takan yi gardamar tashi daidai bayan an sha mai, inji ya riƙa rawa a tsaye. In hanyar iska ta toshe, bakin famfo ya dinga katsewa tun tanki bai kai ko'ina ba, kai kuma ka hau mai zuba mai da faɗa. Cikawar banza guda ta fi ƙarfin tsimin wata shida.

Na san amsar da kake haɗawa, tun daga nan nake jin ta: "Amma ai motan yana tafiya." Gaskiya ne, na ba ka wannan. Sansar tanki in ta mutu, galibi mota ba ta fasa gudu, ba ta fasa tashi. A jihohin Amurka da dama, mai irin fitilarka ba zai ci gwajin hayaƙi ba. A hanyar Kano zuwa Zariya kuwa babu mai tambayar ka. Sai dai fitilar nan ɗaya ce tak, ita ke magana da yawun ɗaruruwan matsaloli. In ta zauna a kunne saboda ƙaramin abu, babban ya zo ba ta da yadda za ta yi ta bambanta maka shi, sai dai hanya ɗaya: in inji yana tsallake wuta sosai, takan riƙa ƙiftawa, ma'ana ka tsaya yanzu, ɗanyen mai yana shiga salansa yana dafa abin nan mai tsada da kanikawa ke kira indomi. To ta ƙifta wa wa, alhali tana ƙarƙashin salatif? Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kai kuwa ka ɓoye wanda zai gaya maka ranar ta zo.

Sannan ga hujjar da na san ita kaɗai za ta ratsa ka. Tururin nan fetur ne, wanda ka biya. Kafin 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da cire tallafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma; kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ban ce gyaran nan zai mayar da kai Alhaji ba, abin da ake tsira da shi kaɗan ne. Amma mutumin da ke girgiza bakin famfo don ɗigon ƙarshe ya faɗa tankinsa, a ce shi ne ke barin mansa yana tashi sama daga safe har yamma, wannan abin kunya ne ga duk marowatan Zazzau. Za su iya karɓe rawaninka.

Saura hukunci. In an gyara, a goge lamba da kwamfuta. In ba a goge ba ma, ƙwaƙwalwa takan kashe fitilar da kanta bayan tafiya uku a jere da gwaji ya fita lafiya. Lambar waya irin taka, in ba a gyaru ba, ba ta daɗewa za ta dawo. Amma cikakken gwajin tanki yana da sharuɗa, kuma sai ya gudana za a ce an gama. Yana son a tayar da inji yana da sanyi, saboda haka bayan asuba ya fi, don a motoci da yawa in zafin gari ya wuce wajen digiri 30 zuwa 35 ba ya gudana. Sannan, ka riƙe kujera da kyau, yana son mai a tanki ya kasance tsakanin kashi 15 da kashi 85 cikin ɗari. Ka ga inda aka kama ka? Ranar kuɗinka kana ƙasa da 15, ranar kuɗin suruki kana sama da 85. Tun da motar nan ta shigo hannunka, da wuya in ta taɓa samun sukunin duba kanta cikin natsuwa.

Saboda haka, Sarkin Lita Uku, sai ka sha rabin tanki. Tankin irin taka yana cin wajen lita 60 zuwa 70, ka raba biyu da kanka tunda kai ne mai ilimi. A ba shi ruwa, jama'a, kada ya faɗi. In abin ya gagara, ka turo motar Kano mu zuba mata, mu rubuta a littafin bashi ƙarƙashin kuɗin sharar da kake ta yi mini ɓuya a kansa duk shekara. Na san za ka mayar da martani, ka ce Bakano bai san komai ba sai ciniki. Bismilla, fili naka ne, ka rubuto. Amma in filashin ka yi mini yadda ka saba, wallahi ba zan kira ba.